ANKA: Yadda Za A Zaɓe Ta Da Inda Za A Ajiye Ta Cikin Jirgi

Ga bazara ta kawo kai, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Saboda haka muka ga ya kamata wannan karo mu ɗan ajiye maganar iri da taki, mu yi maganar jirgin ruwa. Cikin jirgin ma abu guda za mu ɗauka, watau anka, wadda waɗansu ke kira anga. Ita ce ƙarfe ko dutsen nan da akan ɗaura wa igiya a saukar cikin ruwa domin jirgi ya tsaya wuri ɗaya.

Me ya haɗa manomi da jirgi?

Wani zai ce, ina ruwan mai noman gero da gyaɗa da anka? Dā kam babu. Kakanninmu a nan arewacin Kano ba su san wani ruwa ba sai rijiya, da kududdufi, da rafin da ke ƙafewa da rani. Sa'an nan aka shiga aikin madatsun ruwa zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Aka gama Bagauda a 1970, Tiga a 1974, dukansu a kudu. Zuwa wajen 1980 aikin ya game arewa: ga Tomas wajen Ɗambatta, ga Jakara wajen Minjibir, ga Gari wajen Kunci, ga kuma Watari a Bagwai.

Ruwan nan ya kawo mana noman rani da kifi, mun gode Allah. Amma ya raba waɗansu ƙauyuka da gonakinsu, waɗansu da kasuwa. Yau ƙungiyoyinmu da dama suna da kwalekwale, wasu na kamun kifi, wasu na ƙetare da tumatir da albasa da taki. Sarkawa sun gaji ruwa kaka da kakanni, yaronsu tun yana ƙarami ya san halinsa. Mu kuwa mutanen tudu ne, ba mu gada ba, tilas mu koya.

Ba wanda ya manta da ran 30 ga Nuwamba 2021, sa'ad da jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a madatsar Watari. Mutum 29 a ƙalla suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Dalilin da aka faɗa shi ne lodi ya yi wa jirgin yawa. Bari mu faɗa tun da fari, anka ba ta maganin lodi. Jirgin da aka cika fiye da kima, ko anka goma gare shi yana cikin hatsari. Aikin anka dabam ne, mun kuwa gan shi da idonmu.

Abin da ya same mu

Bara waccan, wajen ƙarshen watan Mayu, muka shiga jirgin wata ƙungiyarmu, mu shida da buhun taki takwas. Muna tsakiyar ruwa inji ya mutu. Matuƙin, wani saurayi, yana ta jan igiyar inji, sai ga iskar da ke gaban hadari ta iso. Nan da nan jirgi ya juya ya ba iska haƙarƙarinsa, raƙuman ruwa suna dukansa, ruwa yana fantsamowa ciki. Wani dattijo da ke tare da mu ya ce, “Ɗana, ina ankar?” Yaron ya ce, “Baba, tana nan gaba, ƙarƙashin taki.” Kafin a ɗaga buhu uku iska ta kai mu nesa. Da aka zaro ankar sai aka tarar igiyar ta harɗe, bakinta kuma ba a ɗaure yake da jirgi ba. Allah ya taimake mu iska ta cusa mu cikin kacala, muka riƙe ciyawar da hannu har hadarin ya wuce. Da duwatsun bangon madatsa ta nufa da mu, da labarin ya zama dabam.

Jirgin nan yana da anka, mai kyau ma. Amma ankar da ke ƙarƙashin kaya, ita da babu duk ɗaya ne. Wannan shi ne kan maganarmu: a zaɓi wadda ta dace da ƙasan ruwanmu, a kuma ajiye ta inda za a iya saukar da ita kafin a ƙirga goma.

Yadda anka ke riƙe jirgi

Mutane da yawa suna tsammani nauyi kaɗai ne ke riƙe jirgi. Nauyi yana da nasa amfani, amma babban abu shi ne kamun ƙasa. Ku tuna da garmar shanu. In sarƙa tana janta a kwance, bakinta yakan nutse cikin ƙasa. In aka ɗaga kanta sama, sai bakin ya fito ya yi ta zamewa a bisa. Haka anka take. Har ma a 1933 wani malamin lissafi a Ingila, Geoffrey Taylor, ya ƙera anka mai siffar bakin garma, ana amfani da irinta har yau a jiragen duniya.

To, abin da ke sa ja ya zama a kwance shi ne tsawon igiya. In igiya gajera ce, ta miƙe tsaye daga jirgi zuwa ƙasa, kowane raƙumin ruwa da ya ɗaga jirgi zai tumɓuke ankar. In doguwa ce, sai ta kwanta, ankar ta ƙara nutsewa. Ƙa'idar da matuƙa suke bi ita ce, a saki igiya ninki 5 na zurfin ruwa, in iska ta yi ƙarfi ninki 7. In ruwa kwance yake lumui, kuna ɗan tsayawa ne ku duba kalli ko mamari, ninki 3 ya isa. Misali, in zurfin ruwa gaba 2 ne, a saki igiya gaba 10, da iska kuwa gaba 14. Gaba ɗaya wajen ƙafa 6 ke nan, kusan mita 2.

Amfani na biyu, in an ɗaura igiya a goshin jirgi, iska da kanta za ta juya jirgin ya fuskance ta. Goshi ne aka sassaƙa domin tsaga ruwa. Jirgin da ya ba raƙuman ruwa goshi yakan hau su ya sauka, wanda ya ba su haƙarƙari kuwa shi ne ke cika ya kife.

Irin ankar da za a zaɓa

Kafin ku zaɓa, ku tuna abin da ke ƙarƙashin madatsunmu. Gonaki ne da fadamu da ruwa ya cinye. Akwai taɓo mai laushi, musamman wajen da rafi ke shigowa da laka kowace damina. Akwai kututturan itatuwa da saiwoyinsu. Akwai yashi a tsohon kwarin rafi, akwai kuma duwatsu kusa da bango. Dattawan da suka yi noma a wurin kafin ruwa ya zo, sun san inda kowanne yake. A tambaye su tun suna nan.

1. *Gora.* Inda ruwa bai wuce tsayin mutum ba, a kafa gorar tuƙi cikin taɓo a ɗaura goshin jirgi da ita. Wannan dabara ce ta masunta, ba ta cin ko kwabo. Amma da an shiga zurfi ba ta da amfani.

2. *Dutse ko siminti.* Shi ne mafi sauƙin samu. Sai dai ku sani, kowane abu yakan rage nauyi cikin ruwa, gama ruwa yana tallafarsa. Siminti mai kilo 10 a tudu, cikin ruwa bai fi kilo 6 ba. Dutse ma kusan haka. Ƙarfe mai kilo 10 kuwa, cikin ruwa nauyinsa yakan kai kusan kilo 9. Saboda haka ƙaramin ƙarfe ya kan yi aikin babban dutse. In siminti za ku yi, ku zuba shi a tsohon gwangwanin fenti ko kwano mai faɗi, ku dasa rodi lanƙwasasshe tun yana ɗanye domin wurin ɗaure igiya. Mai faɗi ya fi mulmulalle, don mulmulalle gangarawa yake yi. Kada a zarga igiya a jikin dutse mai santsi, zai suɓuce. Kada kuma a zura ta cikin ramin bulo, gefen bulo zai ci igiyar. Ga kwalekwale mai ƙafa 15 zuwa 20, a nemi kilo 10 zuwa 15. Irin wannan yana riƙewa cikin taɓo in iska ba ta yi tsanani ba.

3. *Mai ƙugiya.* Wannan ita muka fi ba da shawara a kanta, gama kowane mai walda a kasuwar ƙauye zai iya yinta. A sami guntun bututun ƙarfe kamu ɗaya, a zura rodi huɗu masu kaurin milimita 10, a tanƙwara bakunansu waje kamar ƙugiyar ciro guga daga rijiya, a cika bututun da siminti. A sa zobe a sama, a sa wani a gindi. Kilo 3 zuwa 5 ya isa ƙaramin kwalekwale. Jirgin fito mai inji yana bukatar wadda ta ninka haka. Tana kama saiwa, da dutse, da ciyawa sosai. Kada mai walda ya sa rodi mai kauri ƙwarai don neman ƙarko. Ana so in ta maƙale, aka ja da ƙarfi, haƙori ɗaya ya miƙe ta fito, a tudu a sāke tanƙwara shi. Rauninta ɗaya ne, cikin taɓo mai laushi haƙoranta sukan ratsa su wuce kamar yatsu cikin kunu.

4. *Mai faɗin baki.* Inda taɓo ya yi yawa ana bukatar ƙarfe mai faɗi da zai nutse ya tokare. Tsohon faifan garmar tarakta, in aka yi masa waldar sanda a tsakiya da zobe a kanta, yakan nutse cikin laka ya riƙe ƙwarai. Ya fi dacewa da mashigin da jirgi ke kwana kullum, a bar shi can cikin ruwa da jarka a bakin igiyarsa.

Jirgin da ke ƙetare ruwa da mutane, ya kyautu ya riƙe biyu, mai ƙugiya da ta siminti.

Ga wata dabara saboda kututture. A ɗaura igiya a zoben gindi, a miƙe ta a jikin sandar, a kama ta da zoben sama da siririn zare ninki biyu ko uku. Muddin ja a kwance yake, zaren ba zai tsinke ba. In ankar ta maƙale, ku kawo jirgi daidai kanta ku fizga, zaren ya tsinke, ta fito ta baya. Amma in za a bar jirgi ya kwana ba kowa, kada a dogara ga zaren, a ɗaure a zoben sama sosai.

Igiya da sarƙa

Igiyar rama tana da kyau ga ɗaurin dawa, amma in ta daɗe a jiƙe takan ruɓe, ta tsinke ranar da ake bukatarta. Cikin igiyoyin roba na kasuwa akwai iri biyu. Ga yadda za ku rarrabe: ku yanki ɗan guntu ku jefa a bokitin ruwa. Wadda ta nutse ita ce ta fi, gama tana kwantawa ƙasa, tana kuma ɗan miƙewa kamar roba in raƙumin ruwa ya fizgi jirgi. Wadda ta taso sama ta fi araha, ana iya aiki da ita, amma rana tana cinta da sauri, tana kuma naɗewa a farfelar inji. In kuka murza ta kuka ga tana zubar da gari, kwananta ya ƙare.

Kauri milimita 8 zuwa 10 ya isa, watau kamar ƙaramin yatsa. Siririya tana yanka hannu. Tsawo kuwa kada ya gaza gaba 20, wanda ke ratsa tsakiyar ruwa ya ƙara. A ɗaura ƙyalle a kowace gaba 5 domin a san abin da aka saka. In da hali a sa sarƙa gaba ɗaya tsakanin anka da igiya. Nauyinta yana kwantar da ja, dutse kuma ba ya cinta.

Inda za a ajiye ta

Nan ne yawancinmu muke kuskure. Ga yadda ya kamata:

1. Wurin anka goshin jirgi ne, a ƙasa, a tsakiya. Kada a ɗora ta a kan benci ko a rataye ta a gefe, gama nauyi a sama yana sa jirgi tangaɗi.

2. Tun a tudu a ɗaura ƙarshen igiya a wuri mai ƙarfi a goshi, ko zoben ƙarfe ko katakon da ya ratsa jirgin. Kada a ɗaura a ƙusa. Mutane da yawa sun saki anka suna kallo ta tafi da igiyarta duka.

3. A yanke kan tsohuwar jarka, a huda gindinta don ruwa ya tsiyaye. A fara zuba igiya daga ƙarshen da ke ɗaure da jirgi, a yi ta sakinta ciki sannu sannu yadda ta faɗa, har a zo kan ankar. Igiyar da aka zuba haka takan fita sumul. Wadda aka naɗe a gwiwar hannu aka ƙulle, ita ce ke harɗewa.

4. Ankar ta zauna a bisa igiyar ko dab da jarkar. A shimfiɗa mata guntun tsohuwar taya ko katako, don kada haƙoranta su huda jirgi ko dutse ya fasa shi. A juya haƙoran nesa da ƙafafun mutane.

5. A kama ta da ɗan zarge wanda ja ɗaya zai kwance, don kada ta gangara gefe in jirgi ya karkata.

6. Kada a ɗora kome a kanta, ko buhu, ko kwando, ko keke, ko akuya. Kada a zaunar da yaro a wurin. Wanda zai zauna kusa da ita babba ne, wanda aka nuna masa yadda ake saukarwa.

7. Igiyar anka ta anka ce. Ba a aronta a ɗaure kaya ko a ja ruwa a rijiya, ko da shugaban ƙungiya ne ya aiko.

8. A ajiye wuƙa a kube kusa, da ƙwaryar kwashe ruwa.

Saukarwa da ɗagawa

Ba a wurga anka kamar jifa. Mai wurgi yakan miƙe tsaye, jirgi ya karkata, igiya kuma ta naɗe haƙoran. A durƙusa a goshi, a duba kada ƙafa ta shiga cikin igiya, a saukar da hannu har a ji ta taɓa ƙasa. Sa'an nan a riƙa sakin igiya yayinda iska ke tura jirgi baya. In an saki abin da ya isa, a naɗa a katako a ɗaure. Kada a naɗa a hannu ko a ƙugu. Domin a san ko ta kama, a dubi itace biyu a gaɓa, ɗaya a bayan ɗaya. In suna rabuwa, jirgi yana tafiya. A taɓa igiyar kuma, in tana karkarwa ankar tana jan ƙasa ne, sai a ƙara igiya.

Masu karatun Ayyukan Manzanni za su tuna a sura 27 matuƙan jirgin da ya ɗauko Bulus zuwa Roma sun saki anka 4 ta bayan jirgi. Wancan babban jirgin teku ne mai ɗauke da mutum 276 da alkama. Kada mai kwalekwale ya kwaikwaye su. Bayan ƙaramin jirgi ya fi kusa da ruwa, balle in da inji a kai. In anka ta riƙe shi ta nan, raƙuman ruwa za su hau su cika shi. Ta gefe ma haka. Ta goshi kaɗai.

Wajen ɗagawa, a ja igiya ana zuba ta cikin jarka har jirgi ya zo kan ankar, sa'an nan a ciro. In ta ƙi, kada kowa ya taso gefe ɗaya don taimako, nan ne jirgi ke kifewa. A zaga a ja ta wani gefen. In ta ƙi duk da haka, a ɗaura jarka marar kome a igiyar a bar ta, gobe a komo. Ƙarfe ba ya kai ran mutum.

Inda ba a tsayawa

Kada a saki anka kusa da inda ruwa ke malala daga madatsa ko bakin ƙofar da ke ba da ruwa ga gonaki, gama akwai ja a wurin. Kada a tsaya a hanyar jirgin fito ko a kan kallin wani. In kun ga hadari ya haɗu tun kuna tudu, ku dakata ya wuce. In kuna kusa da gaɓa, ku fita, musamman in ana walƙiya. Anka ta wanda abin ya rutsa da shi a tsakiya ce: inji ya mutu, ko filafili ya faɗi, ko iska ta fi ƙarfin masu tuƙi. In an saukar, kowa ya zauna a ƙasan jirgi, mutum ɗaya yana kwashe ruwa. Rigar ruwa kuma a jiki take amfani, a sa ta tun kafin a shiga.

Aikin ƙungiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. A taronku na wannan wata muna roƙo ku yi abu huɗu. Na fari, ku je bakin ruwa ku duba kowane jirgi, a fito da anka a warware igiya duka a duba inda ta goge. Na biyu, ƙungiyoyin da ke ruwa ɗaya su haɗa kuɗi su sayi igiya naɗi guda su raba, ya fi araha bisa sayen gaba gaba. Na uku, ku zaɓi mutum ɗaya mai kula da kayan jirgi, ku ba shi iko ya hana jirgi tashi in kaya sun danne anka ko lodi ya yi yawa. Na huɗu, ku sa rana da safe, sa'ad da ruwa ke kwance, ku gayyaci wani tsohon masunci ya nuna muku. Kowa ya gwada saukarwa da ɗagawa a wuri marar zurfi, har da mata, gama su ne suka fi shiga jirgi ranar kasuwa.

Bayan kowace tafiya a wanke taɓo, a shanya igiya a inuwa, a mai da kome wurinsa.

Ƙungiyar nan da muka ba ku labarinta, yanzu sun shafa jan fenti a goshin jirginsu, kamu uku daga gaba. Kowa ya sani ba a ajiye kaya a kan ja. In kun gwada wata dabara ta yi muku amfani, ku aiko mana ta hannun malamin gona na yankinku domin sauran 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye shigarmu da fitarmu.